Daga Sandar Jagora Zuwa Asibiti: Tarihin Neman Maganin Ido a Arewa

Mu da muka yi wayo a farkon shekarun 1970, babu wanda bai san tsoho riƙe da bakin sanda, yaro yana jansa ba. A wancan zamani ba a lissafa makantar dattijo cikin cututtuka. Abu ne da ake ganin yana zuwa tare da furfura. Agana da ƙyanda sun bar wa mutane da dama hakiya, amosani da gira suna cin idon mata, ƙudan bakin rafi kuma ya tashi ƙauyuka daga fadamu masu albarka. Yawan makafi ya kai har manyan garuruwanmu suna naɗa Sarkin Makafi.

Magani kuwa yana hannun masu yawo kasuwa-kasuwa. Mai yanar ido zai zauna a inuwa, a soka masa tsinke ko allura a ture yanar ta faɗa can cikin ido. Nan take sai ya ga haske, a yi ta murna, a biya da tunkiya. Kafin idon ya kumbura ya mutu, mai aikin ya yi nisan da ba a cim masa.

Sauyi ya faro ne a 1943, lokacin da mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda a yau aka sani da asibitin ECWA. Sunansa ya ratsa har Nijar da Chadi da Kamaru. A 1953 aka kafa makarantar makafi a Gindiri. A 1979 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A 1980 aka ba da sanarwar kawar da agana daga duniya, sannan a 1987 kamfanin Merck ya soma ba da maganin Mectizan kyauta domin yaƙar makantar bakin rafi.

Sai dai gina asibiti daban, isa gare shi daban. Binciken ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, kimanin mutum 4 cikin 100 makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya. Kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da za a iya hanawa ko warkarwa, kuma yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kashi 43. Abin takaici, cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 masu tsinke ne suka yi aikin, shekara sittin bayan buɗe asibitin Kano.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne a wurinmu: kuɗin mota, da rashin ɗan rakiya, da rashin masauki a birni, da tsoron wuƙar likita. Mai tsinke shi yake zuwa har ƙofar gida, asibiti kuwa sai an je masa. Tsohuwa takan fi tsoho daɗewa cikin duhu, domin ba ta son ɗora wa 'ya'yanta nauyi. Mu malaman makaranta mun ga ɗaya ɓangaren asarar: yaro mai ƙoƙari a cire shi daga aji don ya zama ɗan jagoran kakansa, alhali aikin da bai kai awa guda ba zai iya mayar da kakan gona, yaron kuma aji.

Mu mazauna birni ma kada mu saki jiki. Hawan jinin ido, wanda binciken ya sa a matsayi na biyu, ba ya ciwo, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Ciwon suga ma haka yake yi wa ido a asirce. Tabarau na bakin titi yana gyara karatu, amma ba ya auna ido. Duk wanda ya haura arba'in, musamman in akwai mai cutar a danginsa, ya je likita ya duba shi.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan mun zo gida hutun Sallah, kada gaisuwa ta tsaya ga turmin atamfa da buhun shinkafa. Mu lura ko Inna tana gane mu daga bakin zaure, ko kuwa sai mun yi magana. In da shakka, mu tafi da ita asibiti, mu ba ta masauki, mu zauna da ita a layi. Mota da ɗaki da ɗan rakiya da kakanninmu suka rasa, yau duk suna hannunmu.