Asalin Girafiti da Yadda Ya Shiga Ajin Zayyana

Tun zamanin da, ɗan Adam in ya ga bango fili sai hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, toka ta binne garin Pompeii na ƙasar Italiya. Da aka tono garin, sai aka tarar da bangayensa cike da rubutun mutanen gari, wannan ya karta sunan masoyiyarsa, wancan ya zagi abokin gabarsa. Daga kalmar Italiyanci mai nufin kartawa aka samo sunan girafiti.

Amma girafitin da duniya ta sani yau a Amurka ya tsiro, kuma abu biyu suka haɗu suka haife shi, gwangwani da yaro. Gwangwanin dai, wani Edward Seymour na jihar Illinois ne ya fara ɗura fenti a cikinsa don fesawa a 1949. Yaron kuwa Darryl McCray ne, ɗan birnin Filadelfiya. A gidan horon yara ya addabi mai dafa abinci da roƙon burodin masara, har aka laƙaba masa Cornbread. Wajen 1967 ya ga wata yarinya yana so, sai ya bi hanyar da take bi yana rubuta wa bango abin da ke zuciyarsa. Daga baya ya shiga rubuta laƙabinsa shi kaɗai, har gari ya ɗauka.

A New York kuma akwai wani yaro ɗan asalin Girka mai aikin kai saƙo. Duk inda aike ya kai shi sai ya bar TAKI 183, wato laƙabinsa da lambar titinsu. Ran 21 ga Yuli, 1971, jaridar New York Times ta buga labarinsa. Shi ke nan, yaran unguwannin talakawa suka gane cewa wanda ba a san da zamansa ba yana iya sa birni duka ya karanta sunansa.

To, da sunaye suka yi yawa, sai kowa ya nemi abin da zai fid da nasa daga na saura, a nan kuwa jirgin ƙasa ya zama malami. Yaro zai tsallaka shinge da tsakar dare, gwangwanaye cikin jaka, ga duhu, ga tsoron 'yan sanda, ga layin lantarki mai kisa kusa da ƙafarsa. Da safe jirgin zai bi ta kan gada a unguwar Bronx ta New York, mai kallo daga ƙasa yana da 'yan daƙiƙu kafin taragon ya wuce. Dole harafi ya yi kauri, a zagaye shi da layi mai duhu, a sa masa inuwa, a zaɓi launukan da ɗaya ba zai cinye ɗaya ba. Wani mai laƙabin Phase 2 ya shahara da haruffa masu kumburi kamar balan-balan, Tracy 168 kuma da salon da haruffa ke sarƙewa da juna, sai ɗan hannu ke iya karantawa.

Makarantar masu fesa taragai ta farko wani benci ne a tashar titi na 149. Nan suke zama suna kallon taragai suna wucewa, suna yaba wannan, suna kushe wancan. Kowa da littafinsa mai baƙin bango, inda yake gwada haruffa kafin ya kai su jikin ƙarfe. Sabon shiga, wanda suke kira abin wasan yara, shi ke ɗaukar gwangwani, yana cika launi cikin layin da maigidansa ya ja, kamar dai yaron shago. Wanda ya ƙware ana ce masa sarki.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba, domin dukiyar jama'a ce ake ɓatawa. Magajin garin New York John Lindsay ya ɗaura yaƙi da abin a 1972, kuma a watan Mayu na 1989 aka janye tarago na ƙarshe mai fenti. Sai dai kafin nan iri ya riga ya bazu. Littafin hotuna Subway Art na Martha Cooper da Henry Chalfant, wanda ya fito a 1984, ya kai salon ƙasashen da ba su taɓa ganin jiragen ba. Cey Adams ya tashi daga fesa tarago ya zama shugaban zayyana a kamfanin waƙa na Def Jam. Shepard Fairey, wanda ya fara da liƙa sitika a 1989 yana ɗalibin makarantar zayyana ta Rhode Island, shi ya zana fastar Obama da ta zaga duniya a 2008.

Filadelfiya kuwa, mahaifar abin, ta ɗauki wata dabara. A 1984 ta kawo mai zane Jane Golden ta zauna da masu fesa bango, ta koya musu zane da izinin masu gida. Daga wannan shiri birnin ya samu zanen bango fiye da 4,000.

Shi ya sa malamin zayyana mai basira, kafin ya bar ɗalibi ya taɓa kwamfuta, yakan ba shi alƙalami ya ce ya rubuta sunansa har hannunsa ya faɗa, sa'an nan ya liƙa takardar a bango, ya sa shi ya ja da baya ya duba. In ta karantu daga nesa, a kallo ɗaya, ɗalibi ya kama hanyar yin tambari da allon talla. Wannan shi ne asalin darasin, kuma shi ne tarago mai gudu ya koya wa yaran nan.