Ƙafa Ta Huta, Malmala Ba Ta Ragu Ba

Idan muka waiwayi zamanin fatauci, za mu ga cewa cin abincin kakanninmu tafe yake da aikin jikinsu. Ayarin da madugu kan ja daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, don sayo goro, watanni yake yi a hanya, yawancin mutanensa a ƙafa, suna kora jakuna. Manomi kuwa ya ci ɗumame da sassafe, a kai masa fura gona da rana, da dare ya zauna gaban tuwon dawa. Wanda ya yini da fartanya a hannu, malmala uku ba ta yi masa yawa ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannu a hankali fatauci da ƙafa ya mutu. Amma babban juyin ya zo ne da kuɗin man fetur. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, ma'aikaci ya sayi babur, shinkafa ta bar zama abincin Sallah, teburin mai shayi ya samu gindin zama a bakin titi. Ƙafa ta huta. Malmala kuwa tana nan yadda take, an ma ƙara mata lemon kwalba, ga ciwon suga da hawan jini sun zama baƙin kowace unguwa.

Abin mamaki shi ne saurin da sabon abu kan yi ya zama gado. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, sai aka shiga kuka kan tsadar burodi kamar da shi aka yaye mu, alhali ga koko da ƙosai a ƙofar gida. Ba banza ba Bahaushe ya kira sabo turken wawa. Mu ma marubuta ba mu fita ba: jarumar littafinmu ba ta cin tuwo, ba ta taka ƙasa, sai kaji da mota.

Haka aka sake gani a Janairun 2013, lokacin da aka hana acaɓa a Kano. Kwanakin farko tituna suka cika da masu tafiya a ƙafa, wasu na cewa rabonsu da irin wannan tattaki tun suna firamare. Kafin jiki ya saba, A Daidaita Sahu ta cike gurbin, muka koma tsayawa bakin titi muna jiran abin da zai kai mu tafiyar minti goma.