Ƙwaƙwalwar mota: yadda ake gano ta lalace da yadda ake canza ta

Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai a Najeriya suka fi kira birenbos, ƙaramar kwamfuta ce da ke sarrafa aikin inji. Tana karɓar saƙonni daga na'urorin awo da ke jikin injin, waɗanda ake kira sensa, game da yawan iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da saurin juyawar inji. Da waɗannan bayanai take yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. A shekarar 1979 ne kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin Motronic, wanda ya haɗa sarrafa mai da wuta a akwati guda, kuma daga nan kabureta ta fara ja da baya.

Idan ta samu matsala, mota takan ƙi tashi, ko ta mutu ana cikin tafiya, ko ta riƙa shan mai fiye da ƙima, ko fitilar gargaɗi mai hoton inji ta kama ta ƙi mutuwa. Sai dai duk waɗannan alamu ana ganin su idan sensa ɗaya ta mutu, ko waya ta tsinke, ko famfon mai ya gaza. A nan masu motoci da yawa ke yin asara: a ɗora wa birenbos laifi, a sayo wata da tsada, matsalar kuma tana nan. A ƙa'idar aiki, ita ce ta ƙarshe da ake tuhuma.

Bincike yana farawa daga batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Wutar da ta yi ƙasa da haka sosai, ko ta haura saboda altaneta ta lalace, tana rikita kwamfutar. Daga nan sai a duba fiyus da rile da wayoyin da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, domin tsatsa a wurin ɗaurin kaɗai ta isa ta hana mota tashi.

Bayan haka ake jona na'urar bincike. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur. Saboda haka galibin motocin da ake shigowa da su, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar tana fitar da lambobi, amma lamba tana nuna sashen da aka ga matsala ne, ba lallai kayan da ya mutu ba. P0335, alal misali, tana nufin layin sensar da ke auna juyawar inji, kuma laifin na iya zama na waya. U0100 tana nufin an kasa magana da kwamfutar injin, abin da fiyus ɗaya da ya ƙone ke iya jawowa. Waɗanda suka fi nuna ita kanta kwamfutar su ne irin P0601 da P0606, masu nuni da matsala a ma'ajiyarta ko a cikin tsarin lissafinta. Ko da su ma, sai an tabbatar wuta na isa gare ta daidai, kuma tana fitar da volt 5 da sensa da yawa ke aiki da shi, kafin a yanke hukunci.

Ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Ruwa ne babban abokin gabarta, ko na ambaliya ko na wankin inji da famfo mai ƙarfi, kuma motar da ta taɓa nutsewa a ƙasar waje kan zo da tsatsa a ɓoye cikin soket. Akwai kuma juya kawunan batir wajen tayar da mota da batirin wata, da yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba, da kwayil ko nozul da ya haɗa wuta ya ƙona layin da ke sarrafa shi. Wanda bai gano abin da ya kashe ta farko ba, shi ma zai kashe ta biyu, wani lokaci a tashin farko.

Idan canji ya zama dole, ana samun sabuwa daga dillalin kamfani, ko wadda aka ciro daga wata mota a kasuwanni irin Ladipo a Legas, da Nkwo Nnewi a Anambra, da Apo a Abuja, da Ƙofar Ruwa a Kano. Kamannin akwati ba hujja ba ne. Lambar da ke rubuce a jikinta ce za ta dace da ta tsohuwar, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya kan bambanta gwargwadon girman inji, da nau'in giya, da ƙasar da aka ƙera ta dominta. Ana kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi, sannan a zare soket a hankali don kada ƙusoshinsa su lanƙwashe.

Sauran aikin na kwamfuta ne. Yawancin motocin zamani suna da tsarin hana sata wanda ke haɗa makulli da birenbos, don haka baƙuwa ba za ta bar inji ya tashi ba sai an gabatar mata da makullin ta na'ura. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa kan sayar da ita tare da makulli da akwatin tsaronta. A wasu motocin sai an shigar mata da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Bayan an gama, injin kan ɗan yi rawa a tsaye na wani lokaci kafin kwamfutar ta daidaita kanta, sannan a sake jona na'urar bincike bayan tafiyar gwaji don ganin ko tsohuwar lambar ta dawo.