Kare Ɗan Caca Daga Caca: Nazarin Dokokin Birtaniya da Giɓin da Ke Najeriya

Dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ta ɗora wa hukumar kula da caca ayyuka uku: hana miyagun laifuka shiga harkar, tabbatar da ana yin ta a fili ba maguɗi, da kuma kare yara da masu rauni. Na ukun nan ne ya fi ba ta wuya, domin kamfanin caca yana samun riba mai tsoka ne daga mutumin da ya kasa dainawa.

A shagunan caca na ƙasar akwai wasu na'urori da a da mutum kan iya zuba har fam 100 duk bayan daƙiƙa 20. Wanda aka cinye masa kuɗi ba ya samun sararin yin tunani, sai ya sake dannawa da fatan ya maido da abin da ya rasa, har albashin wata ya ƙare a zama ɗaya. Da gwamnati ta so jinkirta rage wannan adadi, ministar wasanni Tracey Crouch ta ajiye aiki a Nuwamba 2018. A Afrilu 2019 aka rage adadin zuwa fam 2. Shekara guda bayan haka aka hana caca da katin bashi na banki, aka kuma tilasta wa duk kamfanin intanet mai lasisi shiga tsarin GAMSTOP, inda mutum zai rufe wa kansa ƙofar dukkan shafukan tsawon wata shida, shekara ɗaya ko biyar. A 2023 aka ci kamfanin William Hill tarar fam miliyan 19.2 saboda sakaci wajen kare abokan hulɗarsa.

Abin lura, waɗannan matakai sun fi kama hanyar kuɗi ne da damar shiga wasa. Rubutun gargaɗi a ƙasan talla kuwa yana jingina laifin ga mai bugawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa jarabar caca cikin cututtuka.

A Najeriya lamarin ya ɗauki wata hanya. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi sai a Abuja, sauran kuwa hakkin jihohi ne. A Kano, inda shari'a ta haramta caca, Hisba ta garƙame shagunan cacar ƙwallo a 2024. Haramcin yana da tushe a addini da kuma goyon bayan jama'a, sai dai kwaɗon da aka saka wa shago bai kai ga waya ba. Matashin da ke zaune a Fagge yana iya buɗe asusu a kamfanin da ya karɓi lasisi a Legas, ya tura kuɗi daga bankinsa cikin dare, iyayensa ba su sani ba. Da yake jiharsa ba ta amince da harkar ba, ba shi da ofishin kai ƙara idan an danne masa kuɗi, kunya ma ba za ta bar shi ya faɗa ba.

A ganina jihohin da suka haramta caca su ne suka fi buƙatar haɗa kai da Babban Banki da hukumar sadarwa, a toshe tura kuɗi zuwa kamfanonin daga yankunansu, a tantance shekaru da lambar BVN ko NIN, a kuma tanadi masu ba da shawara a asibitoci domin waɗanda jarabar ta riga ta kama.