Tiga da Bagauda: Wuraren Hutun Kano a Bakin Ruwa

Kano ba ta da teku, amma ta taɓa samun wuraren shaƙatawa a bakin ruwa waɗanda sunansu ya kai nesa. Wannan ya faru ne a zamanin Audu Baƙo, gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Babban abin da ya dame shi shi ne ƙarancin ruwa, domin fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970. Saboda haka ya sa aka gina madatsun ruwa da yawa. Mafi girma a cikinsu ita ce ta Tiga, a kan Kogin Kano, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974.

Da ruwa ya taru, sai aka ga ya dace da hutu kuma. Aka gina Bagauda Lake Hotel a bakin tafkin Bagauda, mai ɗauke da sunan sarkin Kano na fari, da Rock Castle Hotel a kan dutse a Tiga. Ga wanda ya saba da cunkoson Fagge da hayaniyar kasuwar Sabon Gari, abin sha'awar a fili yake: iska mai sanyi, ruwa iya ganin ido, ɗanyen kifi, da shiru.

Sai dai abin bai daɗe ba. Otal ɗin Tiga ya lalace saboda rashin kulawa, na Bagauda kuwa ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Amma madatsar tana nan tana shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir a Kadawa da Kura.

Mu gwada wannan da Rimini, wani gari a bakin teku a Italiya. A 1843 aka buɗe wurin wanka na fari domin baƙi, har yau kuma suna zuwa, gama mutanen garin suna cin abinci da hidimar baƙin, su ne kuma ke lura da wurin. A Tiga ma, abin da manoma suka dogara da shi ne ya tsaya. Gini mai kyau bai isa ba, sai da masu riƙonsa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Me ya sa madatsar ta daɗe, otal ɗin ya lalace?
2. Wane gini ne a yankinku aka yi ba tare da shirin kula da shi ba?