Tarihin Gano Furotin da ke Haifar da Ƙwayoyin Cin Ƙashi

A jikin mutum akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi, waɗanda masana ke kira ostiyokilas, akwai kuma masu gina sabo a gurbinsa, kamar yadda ake kankare tsohon yaɓe kafin a sa wani. Idan maɗori a Sule Tankarkar ko Gagarawa ya ɗaure karaya, tudun ƙashin da ke tasowa a wurin ɗorin, masu cin ƙashin ne ke rage shi sannu a hankali har ƙashin ya koma siffarsa.

Albert Kölliker, masanin sassan jiki a jami'ar Würzburg ta Jamus, shi ya raɗa musu suna a 1873. Manya ne, kowace ɗaya tana da cibiya fiye da guda. An shafe kusan shekara 100 ana gardama kan asalinsu.

Wata cuta ce ta buɗe hanya. A 1904 Albers-Schönberg ya bayyana ciwon da ƙashi ke cushewa ya yi tauri, ɓargo ya rasa wuri, saboda masu cin ƙashin ba sa aiki. Tsakanin 1973 da 1975 Donald Walker a Amurka ya haɗa hanyar jinin ɓeraye masu wannan ciwo da ta lafiyayyu, daga baya ya dasa musu ɓargo, suka warke. Ashe masu cin ƙashin daga dangin ƙwayoyin jini suke. A 1980 aka buga rahoton dashen ɓargo da aka yi wa wata jaririya kan wannan ciwo a Minnesota.

Sauran tambaya ɗaya: wa ke ba su umarni? Gideon Rodan da Jack Martin sun ce a 1981 masu ginin ƙashi ne da kansu. Gwajin da ya fi kowane kyau a wannan tarihin shi ne na ɗakin binciken Tatsuo Suda a Tokyo, a 1988. An zuba masu gini da ƙwayoyin saifa wuri guda, sai masu cin ƙashi suka fito. Da aka raba su da wata siririyar tata wadda ruwa ke ratsawa amma ƙwayoyi ba sa taɓa juna, ba su fito ba. Ke nan umarnin yana manne a fatar ƙwayar, sai an haɗa jiki yake isa.

A 1997 kamfanin Amgen na Amurka da Snow Brand na Japan, kowa daban, suka gano furotin OPG mai hana samuwar masu cin ƙashi. Bin sawunsa ya kai su ga RANKL a 1998, furotin da ke fatar masu gini. Shi ke kama wani furotin mai suna RANK a fatar ƙwayar jinin, ta fara rikiɗa zuwa mai cin ƙashi. OPG kuwa tare RANKL yake yi kafin ya isa. A 2005 aka nuna cewa idan babu wani furotin na fata, DC-STAMP, ƙananan ƙwayoyin ba sa iya haɗewa su zama babba.

Wannan ya bayyana abubuwan da aka saba gani a gida. Mace idan al'ada ta ɗauke mata, RANKL na rinjayar OPG, ƙashi ya yi ta raguwa. Shi ya sa ɗan zamewa ke karya ƙugun tsohuwa. Yaron da abincinsa ba kalsiyam, jikinsa na ƙara RANKL don ya ciro shi daga ƙashi. Binciken Tom Thacher a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa kalsiyam ne yawancin yara masu gwame da ƙafar baka suka rasa, ba hasken rana ba. Nono da madara a kwanon yaro sun fi ƙarfin a raina su.

A 2010 Amurka ta amince da denosumab, allurar da ke toshe RANKL, ana yin ta duk wata shida. Wanda ya fara ta bai kamata ya tsaya ba sai da shawarar likita, domin masu cin ƙashin kan dawo da yawa, har ƙasusuwan gadon baya su kakkarye.