Wa Ke Zaɓar Littafin Ɗan Firamare? Nazarin Matsayin Hukumomin Ilimi na Ƙananan Hukumomi Wajen Zaɓe da Sayen Littattafan Karatu a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun littafin karatu tun daga maɗaba'a har zuwa hannun ɗan firamare a makarantun gwamnati, domin gano inda hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta tsaya a wannan tafiya. An dogara da dokokin ƙasa da manufofin ilimi, an kuma waiwayi tsarin Japan da Kenya da jihar Teksas ta Amurka domin kwatance. An gano cewa tantance littafi da zaɓarsa da sayensa duk sun tattaru a Abuja da manyan biranen jihohi, abin da ya rage wa ƙaramar hukuma kuwa shi ne ta karɓa ta raba.

1.0 Gabatarwa

Muhawarar ilimin firamare a ƙasar nan ta fi karkata ga gine-gine da albashin malamai da yawan yaran da ba su zuwa makaranta. Ba kasafai ake tambayar wanda ya zaɓi littafin da ke gaban yaro ba, balle hujjar da ya zaɓa da ita. Alhali a ajin da malami guda ke fama da ɗimbin yara, littafin ne kaɗai ke iya bin kowannensu gida ya maimaita masa darasi. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga littafin da aka tsara musamman domin ɗalibanta: da wannan niyya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, kuma Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 da kamfanin buga littattafai na NNPC da ya biyo baya a 1966 sun daɗe suna wadata makarantun Arewa. Tambayar a yau ita ce, wa ya gaji wannan aiki?

2.0 Abin da Doka ta Tanada

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu hannu a samar da ilimin firamare da kula da shi. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 kuma ta kafa hawa uku: UBEC a tarayya, SUBEB a jiha, sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda Sakataren Ilimi ke jan ragamarta. Dokar ta ware wa shirin aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma lissafa littattafai da kayan koyarwa cikin abubuwan da za a ba yaro kyauta. A ka'idar rabon da UBEC ta daɗe tana bi, kashi 15 cikin 100 na wannan kuɗi na kayan koyarwa ne.

Manhaja da tantance littattafai kuwa aikin hukumar NERDC ne, wadda aka kafa a 1988. Ita ta fitar da manhajar shekara 9 ta ilimin bai-ɗaya, ta kuma yi mata kwaskwarima a 2012. Ma'aikatun ilimi na jihohi su ma suna fitar da nasu jerin littattafan da suka amince da su. Sayen kansa yana bin dokar ba da kwangila, ta tarayya ta 2007 ko takwararta ta jiha.

3.0 Tantancewa, Zaɓe da Saye

Ayyuka uku ne mabambanta, amma an saba cuɗa su wuri guda. Tantancewa ita ce a tabbatar littafi ya bi manhaja, ba shi da kuskure, bai kuma ci karo da tarbiyya ba. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma daidai ne ya zauna a sama. Saye ma ya fi araha idan an yi shi a dunƙule, domin kamfanin da zai buga kwafi dubu ɗari ba zai yi wa kowane kwafi kuɗin da zai yi wa kwafi dubu ba. Zaɓe ne ke da wata ɗabi'a daban. Shi ne a ɗauki littattafai uku ko huɗu da duk suka tsallake tantancewa, a ce wannan ya fi dacewa da yaranmu. Wanda zai iya faɗin haka shi ne wanda ya tsaya gaban allo ya ga inda yaran ke tuntuɓe.

Ga yadda abin yake a aikace. UBEC kan sayi littattafan manyan darussa, irin su Turanci da lissafi da kimiyya, ta tura wa jihohi, jihohi kuma kan ƙara da nasu daga kasafinsu. Mota ta sauke kwalaye a siton ƙaramar hukuma, kowane littafi da hatimin cewa ba na sayarwa ba ne. A kira hedimastoci su sa hannu, kowa ya ɗaura nasa a bayan babur. Sau da yawa ranar ce malamin aji zai fara ganin bangon littafin da zai koyar da shi. Idan kwafin bai kai yawan yaran ba, hedimasta kan kulle shi a kabad, don gudun kada ya yage ko ya ɓace a zo bincike a tuhume shi. Ba mugunta ce ke sa shi haka ba. An danƙa masa kaya ne a matsayin amanar da za a ƙirga, ba a gaya masa yaushe wani zai zo ba. Littafin da aka kulle kuwa, ƙarshensa gara ko yoyon damina.

Kwamitocin kula da makarantu da ake kira SBMC, waɗanda suka haɗa iyaye da malamai da masu unguwanni, sun taimaka wajen gyaran azuzuwa da jawo yara makaranta, amma ba a ba su kujera a teburin zaɓen littafi ba.

Inda wannan giɓi ya fi ciwo shi ne batun harshe. Yaron Ɗambatta ko Gumel yana shiga aji ɗaya da Hausa zalla a bakinsa. Littafin da aka tsara domin ƙasa baki ɗaya ba zai san da shi ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauci da Sakkwato da tallafin Amurka ya nuna cewa ana iya tsara littattafan koyon karatu da Hausa, a haɗa da jagoran malami, a kai su aji. Sai dai shirin masu tallafi yana da wa'adi, kuma Sakataren Ilimin da ya ga amfaninsa ba shi da kuɗi ko ikon cewa a sake bugo masa.

A makarantun kuɗi kuwa akasin haka ake gani. Mai makaranta ke zaɓe, sau da yawa shi ke sayarwa, kuma littafin da ake cike amsa a cikinsa ba ya gaduwa daga wa zuwa ƙane. Haramta littafin Queen Primer da gwamnatin Kano ta yi a 2023 ya nuna cewa sa ido kan zo ne bayan littafi ya riga ya shiga jakar yara.

4.0 Kwatance da Wasu Ƙasashe

Japan ce ta fi raba ayyukan nan uku a fili. Kamfanoni ke rubutawa, ma'aikatar ilimi ta tantance, hukumomin ilimi na yankuna su zaɓa daga cikin waɗanda suka tsallake, gwamnatin ƙasa ta biya, yaro ya karɓa kyauta bisa dokar 1963. Littafin da aka zaɓa kan yi shekara 4 kafin a sake zama. A Teksas, majalisar ilimi mai zaɓaɓɓun wakilai 15 ke fitar da jeri, amma tun 2011 gundumomin makarantu na da damar kashe kasonsu har a kan littafin da ba ya cikin jerin.

Kenya kuwa gargaɗi ce ga mai gaggawa. Bayan ta mayar da firamare kyauta a 2003, makarantu ke karɓar kuɗi su sayi littafi daga jerin da aka amince. Ƙorafin tsada da haɗin baki da dillalai ya sa a 2018 gwamnati ta karɓe sayen ta koma yi kai-tsaye daga kamfanoni. Darasin shi ne, miƙa wa makaranta tsabar kuɗi daban, miƙa mata zaɓi daban.

5.0 Shawara

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sake buɗe maganar abin da ya kamata su riƙe, kuma ilimin firamare na cikin na gaba-gaba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne kada a raba wa ƙananan hukumomi 774 kuɗin littafi, domin hakan zai ninka ƙofofin ɓarna ya kuma ɗaga farashi. A bar tantancewa hannun NERDC da ma'aikatun jihohi, a bar saye hannun SUBEB. Amma kowace hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin gogaggun malaman aji da wakilan iyaye, a aiko musu da samfurin littattafan da aka tantance tun kafin a ba da kwangila, su gwada a aji, su rubuta zaɓinsu da dalilinsu. Zaɓin ya tsaya shekara 4, a kuma liƙa yawan kwafin da aka turo wa kowace makaranta a bangonta, inda iyaye za su gani. Majalisun dokokin jihohi na da ikon shigar da wannan cikin dokokin SUBEB ba tare da jiran Abuja ba, kuma a gare su wannan kira yake.